Masu Hawan Keken Juma'ar Ƙarshen Wata

Duk Juma'ar ƙarshen wata, da yamma ta yi, masu keke sukan taru a ƙarƙashin gadar Waterloo da ke Landan, sannan su kwararo kan titi gaba ɗaya har motoci su rasa ta inda za su ratsa. Tun 1994 suke haka. Asalin abin daga San Francisco ta Amurka ne, inda aka fara a watan Satumba na 1992, ana ce masa Critical Mass. Buƙatarsu ba ta da tsawo: a san mai keke ma yana da haƙƙi a kan kwalta, a daina take shi. Buƙata dai ɗaya ce, amma jama'ar da ta tara, sai wanda ya gani.

Wanda zai fara tarbar ka shi ne wanda ba shugaba ba. Tun kafin ka tambaya zai sanar da kai cewa wannan hawa ba shi da shugaba. Gaskiyarsa kuwa, babu kwamiti, babu hanyar da aka tsara, inda na gaba suka karkata nan ake bi. 'Yan sandan Landan sun taɓa cewa dole a riƙa sanar da su hanya da sunayen masu shiryawa, magana ta kai har Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a 2008 ta yanke cewa hawan ya riga ya zama al'ada, ba sai an sanar ba. Malamin namu ya haddace hukuncin nan kaf. Abin da ya kasa bayyanawa shi ne yadda aka yi kullum shi ne a gaba, da usur a baki, yana nuna hagu da dama.

Shugaban gaske yana can tsakiya, bai ma san shi ne ba. Wani saurayi ne da ya ɗaura ƙatuwar lasifika da batirin mota a 'yar amalanke yana ja. Duk inda ya juya, rabin jama'a sun juya. Ranar da batirinsa ya mutu, ranar ake tashi da wuri.

Sai masu tare mahaɗa. Aikinsu su gindaya keke a gaban motoci har ayari ya wuce, don kada wata mota ta kutsa tsakiyar mutane, kuma a nan ne haɗarin yake. Iri biyu ne. Akwai mai sanyin hali, wanda zai leƙa tagar direba da murmushi, ya ba shi haƙuri, ya yi masa godiya a kan haƙurin da bai yi ba. Akwai kuma wanda tun safe yake addu'ar Allah ya haɗa shi da direban tasi mai zafin kai. Wannan da an danna masa oda sai ya sauka daga keke a hankali, ya gyara tsayuwa, ya shiga lacca a kan hayaƙin mota da ɗumamar yanayi, ayari ya yi nisa bai sani ba. Irinsa ne jaridu suke ɗauka a hoto. A watan Yuli na 1997, da aka yi ta cacar baki da magajin garin San Francisco, Willie Brown, dubban mahaya suka fito, aka kama fiye da 100, kuma ina kyautata zaton kakannin wannan mutum suna cikinsu.

Ɗan ƙwalisa ba ya buƙatar dogon bayani. Kaya sun ɗame shi, kekensa ya fi motar da aka tare tsada, kuma tafiyar hawainiyar da ake yi tana ci masa rai. A gefensa wani dattijo a kan tsohon Raleigh, sarƙa na kuka, yana ba kowa labarin cewa hawan yanzu wasa ne, a zo a ji na 1994.

A Jamus ma ana irin wannan hawa, can kuma akwai lauyan kan sirdi. Dokar hanyar ƙasar ta ce masu keke in sun haura 15 suna iya tafiya a matsayin ayari guda, bibbiyu a jere, kuma in na gaba ya wuce danja tana kore, na baya su bi ko ta koma ja. Saboda haka shi ba hawa ya kawo shi ba, ƙirga ya zo yi. In mutum ɗaya ya tsaya yin faci, sai ka ga hankalinsa ya tashi.

Wadda ba na yi wa dariya ita ce matar da ta zo da yara biyu a akwatin gaban kekenta, kowanne da hular kwano da ta fi kansa girma. Ba ta ihu, ba ta faɗa da direba. Amma ita ce ranar Litinin za ta rubuta wa kansila, ta je zaman ƙaramar hukuma da hoton mahaɗar da ke gaban makarantar 'ya'yanta. A Holan iyaye irinta ne suka tayar da ƙura bayan 1971, shekarar da yara fiye da 400 suka mutu a haɗarin mota, kuma hanyoyin keken da ake yi wa ƙasar sha'awa yau akwai hannunsu a ciki. Da za a raba ladan hawan nan, ni dai ita zan ba kaso mafi tsoka, mai usur ya samu abin shan ruwa.

Akwai kuma bawan Allah mai kai abinci gida-gida, da jaka a baya, wanda ya fito daga lungu ya tsinci kansa a tsakiyar ɗaruruwan kekuna. Dama ba fita, hagu ba fita. Ana tafa masa, ana buga ƙararrawa, wani ya miƙo masa takarda yana yi masa barka da shigowa gwagwarmaya. Shi kuwa wayarsa sai ƙara take yi, mai shinkafa yana tambayar ina aka tsaya.