Madalla da Akwatin Kallo

Ya kamata a ce tuni an yi wa ɗan akwatin nan walima. Girmansa bai wuce tafin hannu ba, amma cikin 'yan shekaru ya shiga falon mai kuɗi da na mai neman na cefane, ya samu wuri a gindin talabijin, ya karɓe kasafin gida a hannun maigida ba tare da an ji kansu ba. Akwatin kallo ta intanet nake nufi, wanda ake jona wa talabijin ya riƙa jawo fina-finai da ƙwallo ta cikin rauta. Tun da Netflix ya iso Najeriya a Janairun 2016, shirye-shirye irin su Izzar So da Labarina kuma suka mayar da YouTube wurin haɗuwar iyali da daddare, darajarsa sai hawa take yi.

Yabon farko na mai sayarwa ne. Ka shiga titin Beirut a Kano, ka tsaya gaban shago ka nuna kwalin da yatsa, ka ji ladabi. "Alhaji, wannan ba ruwansa da biyan wata. Sau ɗaya za ka saya, shi ke nan. Ƙwallon Ingila, Indiya fassara, katun na yara, duk suna ciki." Zai jona maka a talabijin ɗin shago, hoto ya fito tar, har ka ga zufa a goshin ɗan wasa. Ba zai kawo maganar data ba, domin ɗan halak ba ya ɓata wa mai murna rai da lissafi. Kai ma ba ka tambaya ba, ai ka ga ba laifinsa ba ne.

Da ka tambaya, ga abin da za ka ji, kuma Netflix da kansa ne ya wallafa shi. Hoto na gama-gari yana iya cin giga 1 a awa. Hoto mai kyau, wato HD, yana kai giga 3. Wanda ake kira 4K kuwa har giga 7 a awa ɗaya. Gidan da ke zama kallo awa uku bayan isha'i a kan HD ya ci giga 9 kafin a kwanta, giga 270 ke nan a wata. Maigidan da ya daure ya sayi giga 100 yana ganin ya rufe bakin wata, ashe guzurin kwana goma sha ɗaya ya yi. Sauran kwanakin kuma akwatin ya ba iyali hutu, su samu damar hira da juna. Wace na'ura ce ta taɓa kula da zumunci haka?

Ga shi da sanin darajar mutum. Ba ya yarda ya nuna maka hoto na ƙasa-ƙasa alhali sabis yana da ƙarfin jawo na sama. Da zarar ya ji layi a buɗe sai ya zaɓar maka mafi tsada, ba sai ya dame ka da shawara ba. Akwai saitin da ke mayar da cin Netflix zuwa giga 0.7 a awa, har ma 0.3, wanda da shi kallon awa uku kullum ba zai wuce giga 63 a wata ba. To amma an adana shi a wuri mai mutunci: sai ka ɗauki waya ko kwamfuta, ka shiga asusunka ta burawza, ka nemo sashen saitin kunna bidiyo na kowane mai kallo daban. Rimot ɗin kuwa an yi masa maɓalli na musamman da zai kai ka Netflix da dannawa ɗaya, wani ya kai ka YouTube. Maɓallin rage cin data ne kawai bai samu gurbi ba, kuma kowa ya san rimot wuri ne mai ƙunci.

Sai ƙwazo. Fim ya ƙare, kafin ka miƙa hannu na gaba ya fara. Kana duba jerin fina-finai kawai, tallan kowanne ya soma motsi da kansa. Barci ya kwashe mutum a kan kujera, uwargida ta zo ta kashe talabijin ta ja ƙofa, amma shi akwatin a gidaje da yawa wutarsa daban take, don haka yana nan yana jawo kashi bayan kashi yana nuna wa bangon falo. A gidan da aka sa sola ma abin ya fi armashi, tunda babu ɗaukewar wutar da za ta katse masa aiki.

Babbar baiwarsa ita ce ba a taɓa kama shi da laifi. Ranar da saƙo ya shigo wayar maigida cewa data ta ƙare, ba wanda ke kallon gindin talabijin. "Abba! Zo nan. Me ka sauke jiya da daddare?" Yaro ya tsaya yana rantsuwa, "Wallahi Baba ban taɓa ba," idonsa ya ciko. A ƙwace masa waya. A sauya lambar sirrin rauta, a fara yi wa maƙwabcin da aka taɓa ba shi lambar kallon ɓarawo, gaisuwar safe ta koma ta ɗaga hannu. Yarinyar da ke shirin jarrabawar JAMB ta buɗe darasin da malaminsu ya turo, ya tsaya yana juyawa, ta rufe ta yi shiru don ta san ba ranar tambayar kuɗi ba ce. Uwa ta kasa kiran ɗanta da ke karatu a wani gari ta bidiyo. Duk wannan ana yi, akwatin yana zaune da ɗan jan haskensa, ba wanda ya ce masa kanzil. Samun ma'aikacin da zai cinye rabon gida a doki yaro a madadinsa sai an tona.

Wannan cin datar duk halin akwatuna masu suna ne, irin su Fire TV Stick na Amazon da Chromecast na Google da Apple TV, waɗanda aka ƙera domin gidajen da intanet ke shigowa ta kebul ba a ƙirga ta da cokali. A Amurka kamfanin intanet na Comcast ya taɓa shafe shekaru yana sa wa gidaje a jihohi da dama iyakar giga 1,200 a wata, mutane suna ta ƙorafin an matse su. Ninki goma sha biyu ke nan na abin da maigidanmu ya saya. An ɗauko na'urar da aka yi wa waccan rayuwa an ajiye mana ita yadda take, don kada mu ji an raina mu.

Amma wanda ya fi cancantar kirari shi ne ɗan'uwansu mara dangi, baƙin akwatin nan mai araha da ake rubuta wa 6K ko 8K a kwali. Shi karamcinsa ya wuce gida. Netflix ba ya sakar wa na'urar da ba a tantance ba hoto mai kyau, saboda haka 8K ɗin a kwali yake tsayawa, kuma sai ka ce ai ko ba komai ya rage maka cin data. Sai dai yana da baƙin da yake ciyarwa. A farkon 2023 wani masanin tsaron kwamfuta ya gano cewa akwatin T95 da ya saya ya zo da muguwar manhaja tun daga kwali. A ƙarshen shekarar kamfanin Human Security ya bayyana wata babbar damfara da ya kira Badbox, wadda ke tafiya a kan irin waɗannan na'urori. A Disambar 2024 hukumar tsaron intanet ta Jamus ta katse hanyar kimanin na'urori 30,000 da suka kamu. A Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi, a watan Yuli kuma Google ya shigar da ƙara yana cewa abin ya shafi na'urori fiye da miliyan 10. Aikin manhajar shi ne ta riƙa danna tallace-tallace a ɓoye, ta kuma ba da hayar layin intanet ɗin gidanka ga mutanen da ba ka taɓa gani ba, su bi ta cikinsa su yi abin da suka ga dama da adireshinka. Kai ka biya data, wani a wata nahiya ya ci riba. Sadaka ce da ko hannun da ya bayar bai san ya bayar ba. Idan kuma bayan 'yan watanni tashoshin ƙwallon kyautar suka mutu, mai shago yana nan da fara'arsa: "Kawo shi a sabunta masa, Alhaji, ɗan abu kaɗan za ka bayar."

Ba za a yi rabon yabo a manta da kamfanonin sadarwa ba, domin da su akwatin ke taƙama. Su ne suka kawo tsarin da ake sayar maka a matsayin mara iyaka, sai ka kai wani adadi da aka rubuta da ƙananan haruffa can ƙasa, a shaƙe gudun layin, fuskokin 'yan wasa su narke, ƙwallo ta tsaya a iska. Ba a yanke maka ba, ai layin yana nan. Su ne kuma suka koya mana cewa abin da ka saya da kuɗinka yana iya mutuwa bayan kwana talatin in ba ka sake biya a kan lokaci ba. Da mai hatsi a kasuwar Dawanau zai auna maka da mudu mai ɓoyayyen gindi, ya kuma biyo ka gida ƙarshen wata ya kwashe ragowar geron da ba ka ci ba, da tuni an kai shi gaban sarkin kasuwa. Da yake su da Turanci suka rubuta sharaɗin, sunan abin tsari. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kusan rabi, wata shida bayan an tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 70,000. Ta kuma sha tunatar da jama'a su kashe sabunta manhajoji ta atomatik, su rage ingancin bidiyo. Shawara ce mai kyau, kuma ta mayar da laifin inda aka saba ajiye shi, wato kan mai biya.

Abin da ke barazana ga wannan kyakkyawan zama shi ne 'yan tsirarun masu taurin kai. Su ne za ka ga sun tsaya a shago suna cewa sai an buɗe musu Play Store sun ga ko Google ya tantance na'urar, in ba a tantance ba su ajiye kwalin su fita. Masu Fire TV kuwa in sun kai gida su shiga saitinsa su kunna sashen lura da data, su sa masa adadin da zai yi musu gargaɗi. Su mayar da YouTube kan 480 ko 720, suna cewa wai yawancin talabijin mai inci 32 dama 720 ce iyakarta. Su kashe ci gaba da kunna kashi na gaba, su zare wayar akwatin daga soket kafin su kwanta, su buɗe shafin rauta su ga wace na'ura ce ta ci me kafin su kira sunan kowane yaro. Irin waɗannan mutane datarsu takan kai ƙarshen wata, kuma duk gidan da ya yi koyi da su, kamfani ya yi asarar cinikin sau biyu a wata.