Ba tsoro muke ji ba, rakiya kawai muke nema

A unguwarmu ba a taɓa samun namijin da ya yarda fim ya tsorata shi ba. Za a kalla, a yi dariya, a ce ai duk shirme ne, jan fenti ne aka shafa. Amma da an tashi, sai ka ga wanda gidansa ke lungun bayan masallaci ya tsiro da hira da wanda ba sa ko ga maciji, don dai su jera tare. Wani kuma ya kama Ayatul Kursiyyu da ƙarfi kamar mai ba almajirai ƙari. Haka muke, kuma ba mu fasa kallo ba.

Majalisarmu a ƙofar shagon mai tura finafinai take, benci biyu da tabarma, mai shayi yana gefe. Ranar Talatar nan bayan isha'i tela ya zo da zancen cewa duk duniya ba a yi fim ɗin tsoro kamar The Ring ba, kuma Amurkawa ne iyayen wannan sana'a. Mai shago bai ko ɗaga kai daga kwamfutarsa ba ya ce, "Yaya, wankiya ce fa." Nan wuri ya kaure. Tela ya ce Bature zai wanki fim ɗin wa? Aka ce na Japan. Sunansa Ringu, Hideo Nakata ya ba da umarni, ya fito a 1998, shi ma daga littafin Koji Suzuki aka ɗauko shi. Sai a 2002 Amurkawa suka sake yi da Naomi Watts, yarinyar rijiya da ake kira Sadako suka raɗa mata Samara. Tela ya ce to ai nasu ya fi kyau. Wannan kuwa gaskiya ne, ya fi kyan hoto, an kashe masa kuɗi. Sai dai kyau daban, tsoro daban. Na Japan shiru ya yi masa yawa, babu kiɗan da zai gargaɗe ka ka shirya, kuma inda yarinyar ke rarrafowa daga cikin talabijin, gashi ya rufe fuska, farce duk sun zube, ido ɗaya kawai ake nuna maka. Idon nan ya ishe ka guzuri har asuba.

Ni na Amurkan na fara gani, a ɗakin zauren wani maƙwabcinmu, mu kusan goma sha biyu, an tayar da ɗan ƙaramin janareto. Labarin duk a kan kaset ne, wanda ya kalla waya za ta yi ƙara, kwana bakwai ya rage masa. Ana tsakiyar haka wayar mai gidan, Nokia ce irin ta lokacin, ta ɗauki kuka a kan taga. Wallahi ban san ta inda na fita ba. Takalmi ɗaya na koma gida da shi, kuma ga rijiya a tsakar gidanmu. Sati guda ƙanena nake ba alawa yana jawo mini ruwan wanka.

Abin da ke ba ni dariya shi ne yadda muke ɗaga hanci idan an ce wankiya, alhali gwano ba ya jin warin jikinsa. Kalmar ma a masana'antarmu ta Kano ta yi kaka-gida, inda aka daɗe ana ɗauko labarin Indiya a sa masa hula da babbar riga. Su Indiyawan ma junansu suke wanka. Matan gidanmu sun rantse babu kamar Bhool Bhulaiyaa na Akshay Kumar da Vidya Balan, na 2007, musamman da aka ji shi da fassarar Hausa. Ranar da na ce wa matar yayana jika ne ba ɗa ba, cewa ta yi, "Kai dai ka cika ƙaƙale." Asalinsa Manichitrathazhu ne, da harshen Malayalam na jihar Kerala, a 1993. Aka sake yin sa da harshen Kannada a 2004, sannan da Tamil a 2005 da sunan Chandramukhi, Rajinikanth a ciki, kafin ya iso Hindi. Shobana, wadda ta fito a na farkon, har kyautar gwarzuwar 'yar wasa ta ƙasar Indiya ta ci da shi. Kuma duk cikinsu likita ne ke gano cewa ciwon ƙwaƙwalwa ke damun matar da ke cikin labarin, amma har gobe a gidanmu ba a yarda ba. An ce likitan ne bai san aikin iska ba.

Ban ce duk maimaici ɓata ne ba. Pengabdi Setan na Indonesiya tsohon fim ne na 1980, Joko Anwar ya sake gina shi a 2017, kuma a ganina ɗan ya fi uban. Uwa ce ta daɗe tana jinya, tana kaɗa 'yar ƙararrawa idan tana son a zo. Ta rasu, aka binne ta, ƙararrawa ba ta daina kaɗawa ba. Gidan Musulmi ne, ana sallah, ana zaman makoki irin namu, har rijiya akwai a cikin gidan. Amma dubi Nneka the Pretty Serpent na 'yan kudu. Na 1994, da hotonsa mai hazo da sautinsa mai tsatsa, ya hana yara barci a faɗin ƙasar nan. Da aka sake yi a 2020, ga fitilu ga manyan gidaje ga motoci, ni dai kallon kaya na yi.

Matsalarmu ɗaya ce, suna muke bi. Mutum zai miƙa wa mai shago waya ya ce, "Sa mini wanda ake yayi." Shi ya sa muka kalli The Grudge da The Eye da Shutter na Amurka, ba mu san daga Japan da Hong Kong da Tailan aka kwaso su ba. Waɗanda kuma ba a wanke ba, ba su da mai tallata su, suna nan kwance a kwamfutar mai shago kamar kwantan tumatir.

A daren nan na ce wa tela, in dai da gaske tsoro yake nema, ya karɓi Under the Shadow na 2016. Da Farisanci aka yi shi, Babak Anvari ya shirya. Birnin Tehran ne lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, an tura mijin, likita, bakin daga, an bar mace da 'yarta a bene. Makami mai linzami ya faso rufin gidan bai fashe ba, maƙwabta suka fara tserewa ɗaya bayan ɗaya, sai 'yar tsanar yarinyar ta ɓace. Ana ce wa uwar aljanu a cikin iska suke tafiya, kuma idan suka ɗauke wani abu naka ba za su rabu da kai ba. Yanzu wa zai koya wa Bahaushe wannan, mu da sunan da muke kiransu ke nan, iskoki?  Babban abin tsoron fim ɗin mayafi ne kawai, zane mai ɗigo-ɗigo, yana tsaye inda bai kamata a ga mutum ba.

Na ƙara masa da His House na 2020. Mata da miji ne daga Sudan ta Kudu, sun tsallake teku a kwalekwale, aka ba su wani ruɓaɓɓen gida a Ingila da sharaɗin kada su bar shi, ga kuma abin da ya biyo su yana magana ta cikin bango. Bashi ya zo karɓa, ba zan faɗi na mene ne ba. Matar, Wunmi Mosaku, a Zariya aka haife ta, abin da ya sa mai shayi, Bazazzage, ya ce a tura masa shi ma ko bai iya kallo ba. Mai shago ya cusa Tumbbad na Indiya a matsayin gyara, labarin kwaɗayin zinariya a garin da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Da ya fito a 2018 mutane ƙalilan suka je, sai da aka mayar da shi silima a 2024 ya tara kuɗin da ya fi na farko.

Washegari tela ya iso majalisa yana hura hanci. Ya ce, "Malam, wannan ne abin tsoron? Zane fa! Ni da nake yanka zane kullum." Muka ce to madalla. Sai da na shiga gida uwargida ta tare ni da dariya, wai matar tela ta leƙo aron turmi. Ta ce ƙarfe biyun dare maigidan ya tashe ta, ya ce ta fita ta kwashe shanyar da ta bari a igiya, saboda raɓa.

Watan Maris muke ciki, ko ɗigon raɓa babu.