Wasiƙa Daga Sosho: Ka Ƙyale Fijon Kawu Da Injinta

Zuwa ga taubashina, direban Rogo,

Da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Kawu da duk wanda ba na bi bashi a garin nan naku. Ni ma lafiya lau, sai dai sanyi. Hunturun da kuke kuka da shi a bakin dam ɗin Challawa, a nan ranar fita shan iska ce, har tsofaffi su cire hula.

Saƙonninka na murya sun iso, na kuma saurare su duka, har da wanda ka manta ba ka kashe ba kana cinikin rake. Na gane buƙatarka. Ka ga wani bidiyo a Facebook, Bature ya cusa injin turbo a tsohuwar wagon, tana tashi tayoyi na hayaƙi. Shi ne kake so in nemo maka irinsa in auno a kwantena, ka dasa wa fijon Kawu, ka riƙa wuce 'yan Sharon da Golf tun daga Rijiyar Zaki har gida. Ka ce tunda a garin da ake ƙera fijo nake, ai inji a bola ma zan tsinta. A rubuce zan ba ka amsa, don in na yi murya za ka ce iska ta kwashe rabin maganar.

Kafin komai, ka san matsayinka. Da aka kafa masarautar Karaye a 2019, Rogo a ƙarƙashinmu take. Da aka rushe aka sake kafawa a 2024, ƙananan hukumomi biyu aka bar mata, mu da ku. Duk ta inda aka juya, ku ne dai talakawanmu, talaka kuwa ba ya aiken ɗan fada, roƙo yake yi. Amma na yafe maka albarkacin Kawu.

Gaskiya ne a gidan fijo nake. Garin Sochaux ne, a baki a ce Sosho, can gabashin Faransa dab da iyakar Suwizalan, kuma tun 1912 masana'antar take nan. Garin bai kai Karaye jama'a ba. Zakin nan na gaban motarka ko'ina ka duba yana nan, har a ƙirjin rigar 'yan ƙwallonsu. Abin da ba za ka yarda ba, kafin mutanen nan su fara mota, zarto da injin niƙa kofi da na masoro suke ƙerawa, na masoron ma har yau ana sayarwa. Suna da gidan tarihi da aka buɗe a 1988. Na shiga, sai ga 504 tana ƙyalli, an hana a taɓa, mutane sun biya kuɗi suna kallo suna magana ƙasa-ƙasa. Na tsaya ina tuno taka da akuya biyu a but, dariya ta ƙwace mini, mai gadi ya harare ni.

A kan titi kuwa ba ka ganinta. An fara ƙera ta a 1968, wagon ɗin ta biyo baya a 1971, a 1983 suka daina a ƙasarsu. Mu ne muka riƙe amana: kamfanin Kaduna da ya fara haɗa mota a 1975 ya ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Tsofaffin nasu ma wajenmu suka ƙare. A shekarun 1980 samarinsu kan sayi tsohuwar 504 da araha, su haye teku zuwa Aljeriya, su ratsa sahara ta Tamanrasset da Arlit zuwa Agadas, su sayar a Nijar, su hau jirgi su koma gida. Maigidana a gareji, wani tsoho mai gashin baki, da shi aka yi wannan fataucin. Yanzu ga shi yana neman ƙofa ɗaya ta wagon da kuɗinsa a hannu bai samu ba. Na ce masa ya yi haƙuri, wanda ya sayar da gonarsa ba ya zuwa roron gyaɗa.

To, shi wannan tsohon ya aikata abin da kake mafarki, a gaban idona, ni ne mai miƙa sifana. Yana da 504 wagon mai layi uku, irin ta Kawu sak, sai dai tasa ba ta taɓa jin warin taki ba. Injinta na asali mai lita biyu ne da kafireto, ƙarfinsa bai cika na doki 100 ba. Ya samo wata 505 Turbo Injection da ta yi haɗari, ya zare injin. Wannan lita 2.2 ne, a 1983 ya fito da ƙarfin doki 150, daga baya aka kai shi 160, har 180. Kusan ninki biyu ke nan. Na san yanzu yawunka ya tsinke. Kallon kitse kake yi wa rogo.

Bari in gaya maka abin da turbo yake, don na lura kai a wajenka wata lamba ce da ake liƙawa a bayan mota. Zuga-zugin maƙera ne, ba wani abu ba. Hayaƙin da ke fita ta salansa shi ake tarewa ya juya wata 'yar farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke tura iska cikin inji da ƙarfi. Iska ta yi yawa, sai a ƙara mai, wuta ta ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar tun 1905. Amma ka tambayi kowane maƙeri a kasuwarku: in aka matsa wa zuga-zugi, gawayi ne ke saurin ƙarewa, ƙarfen da ba shi da ƙwari kuma ya narke. 'Yar farfelar nan tana juyi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, in an daɗe ana takawa gidanta har ja yake yi.

Ka zaci inji ake ɗagawa a ajiye wani a ɗaure kusoshi a tafi sallah? Ƙafafun injin ba su zauna ba, sai da aka yanka aka yi walda. Giyabos mai giya huɗu ba zai iya ɗaukar ƙarfin ba, aka kawo mai biyar, shi kuma ya ƙi gaisawa da farfelar ƙasa, aka sake auna ta. Injin ba ya shan mai ta kafireto, injekta ne, don haka sai sabon famfon mai, sabon tiyo mai kaiwa da mai mayar da ragowa tanki, da birenbos, da wayoyin da suka sa mai rewaya ya yi zagi da harsuna biyu. Aka sa babban lagireto, aka ƙara wani ƙarami na sanyaya iskar da turbo ke turawa, don iskar da aka matse zafi take yi. Aka sake salansa tun daga wuya har wutsiya. Aka zo kan birki. Shekara ta zagayo ana abu ɗaya. Matarsa ta daina kawo masa abinci gareji, ta ce ya je kishiyar ta dafa masa.

Ranar gwaji ya ce in shiga. Na shiga da bismilla. Ya taka totur har ƙasa, mota ta yi shiru, na ce a raina asara ta tabbata. Ashe haka tsohon turbo yake, sai hayaƙi ya taru kafin ya farka. Can sai na ji wani fito, kujera ta cafke mini baya, bishiyoyi suka haɗe suka zama katanga. Taubashi, duk addu'ar da Malam ya koya mana a makarantar allo sai da na biya, har da ta shiga kasuwa. Tsohon yana ta dariya, wai ashe na iya waƙa.

Ga inda labarin ya yi daɗi. A ƙasar nan ba a sake wa mota inji da wani iri daban a hau titi haka kawai. Sai hukuma ta duba ta amince, abin da ke da wuyar samu, in kuwa ba takarda, ranar da aka yi haɗari kamfanin inshora zai zame ya bar ka. Takardar motocin tarihi da ake ba wadda ta kai shekara 30 ma sharaɗinta motar ta zauna yadda aka ƙera ta. Saboda haka wagon ɗin maigidana tana gareji an lulluɓe ta da bargo. In an so motsa ta, a kan tirela ake ɗora ta a kai filin tsere da ke killace, a zagaya, a dawo da ita. Motar da aka yi don ta ɗauki mutum bakwai, yanzu ita ake ɗauka.

Na san za ka ce ai a gida ba mai leƙa maka bonet. To mu ɗauka injin ya iso Rogo lafiya. Kwana nawa zai yi? Turbo da ƙura ba sa ga maciji, kai kuwa matatar iskarka tun zamanin da Kawu ke tuƙi ake kaɗe ta a jikin taya a mayar. Yana son baƙin mai mai kyau a kan kari, kai sai ya koma kwalta kake tunawa da juye. Bayan doguwar tafiya so yake a bar inji ya ɗan yi aiki a tsaye kafin a kashe, in ba haka ba man da ke cikinsa ya ƙone ya toshe hanya. Kai da ka ga gangara kake sa ta a firi ka murɗe makulli don tsimin mai. Yana son fetur mai tsabta, kai na 'yan bumburutu kake sha a galan. Ruwan rijiya a lagireto kuma, shi wannan injin da maigidana ke cewa kansa na tsagewa in ya ɗau zafi ko a garin da ƙanƙara ke zuba, ina ga watan Afrilu a hanyar Kabo da lodin masara.

Shan mai ma kada a yi maganarsa. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba sai da ta haura 1,000 a 2024. Fasinjan Rogo da ke rantsuwa a kan canjin naira hamsin, shi zai biya maka kuɗin fito?

Sannan birki. Wagon ɗin nan faifai ne a gaba, ganga a baya, an auna su ne da mutum bakwai da 'yan akwatunansu. Kai kana sa biyu a gaba, huɗu a tsakiya, uku a baya, yaron mota a but a kan buhuna, rake a saman rufi. Birkin naka sai ka yi masa famfo sau uku kana salati kafin ya tuna aikinsa. Ka ninka wa wannan ƙarfi, ka taka don ka wuce tirela ta ƙi amsawa, sai ta farka daidai lokacin da garken shanu ya hau titi. Ba da kuɗina ba.

Ni abin da ke ba ni haushi da kai, ba ka san abin da ke hannunka ba. Motar nan ba turbo ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, Ove Andersson ɗan Suwidin na tuƙi, ta kuma ci na Maroko a shekarar. Zamanin mulkin soja na Obasanjo ita ce motar manyan gwamnati. Ba gudu ne ya kai ta nan ba, juriya ce da sauƙin kai. In ta tsaya maka a tsakanin Karaye da Rogo, bakaniken gindin bishiya zai zare jet ɗin kafireto ya busa da baki, ya goge kwantak da sanfefa, ku tura ta tashi. Ranar da birenbos ya mutu a wannan wurin, me zai busa?

Na nuna wa maigidana hoton taka da ka turo. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Ya tambayi dalilin da ya sa kowace ƙofa da launinta, na ce ado ne. Ya ga fitilar da aka ɗaure da roba, da wayar da ake ja a buɗe ƙofar direba, ya tambaya ko an yi yaƙi a garinku. Da na gaya masa kullum tana kan hanya da lodi, tana ciyar da gida guda, sai ya cire tabarau ya share ido. Ya ce in tambaye ka ko za ka sayar. Kada ka fara lissafi. Na san za a ba ka labarin 504 ɗin tsohon shugaban Iran, Ahmadinejad, da aka yi gwanjonta a 2011 a kan dala miliyan biyu da rabi. Waccan mai ita aka saya. Kai ko shugaban 'yan kamasho ba ka taɓa zama ba. Ban da haka ma ba taka ba ce, ta Kawu ce, ita ta kai Innata Karaye ranar da aka ɗauko ni daga suna, ita ta ɗauko amaryarka, ta mutu sau biyu a hanya 'yan biki suka tura.

Ga hukuncina. Inji ba zan auno ba. In naka ya gaji da gaske, ka shiga Ƙofar Ruwa ko ka gangara Panteka a Kaduna ka nemi mai lita biyu na 504 ko na 505 mai kafireto, iri ɗaya ne, zai zauna ba yanka ba walda. Na turo kuɗi ta hannun Gwaggonka, ba ta hannunka ba, don na san ka. Na taya huɗu ne, da gyaran birki gaba da baya, da matatar iska, da fulogi. In na ji labarin ka je kana tambayar farashin turbo a Kano, Kawu zan kira, kuma ka san har yanzu sandarsa na kusa da shi.

Ka gaishe da su Kawu da kyau, da amarya, da yara, da 'yan tasha. Akwai mai zuwa nan bayan sallah, a ba shi kuka da daddawa da yaji, mazarƙwaila kuma ta Rogo nake so, wannan kam na yarda kun fi mu. In an sa tayoyin ka turo mini hoto kana tsaye kusa da su, lambar motar ta fito sosai, kada ka je ka aro na maƙwabci.

Wassalam.

Naka,
Taubashinka kuma ubangidanka, ɗan Karaye,
daga Sosho, ƙasar Faransa.