Akurkin da Ya Zagaye Gida

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ƙwai ya bar sahun karin kumallo a gidanmu, ya koma abin da ake soya wa baƙo. Ni kuwa mutum ne mai lissafi. Na ɗauki biro na buga: kaji goma sha biyu, kowace ƙwai ɗaya kullum, a ci rabi a sayar da rabi. A takarda dai, kafin shekara ta zagayo har na canja babur. Uwargida ta leƙa ta ce, "Malam, a ina za su kwana?" Na ce ga tsakar gida nan, har da saura.

Gidan namu a Tudun Wada yake cikin Gusau. Akwai dogonyaro a tsakar gida ta wajen yamma, da mangwaro a bayan ɗakin girki wanda rassansa suka leƙa titi, da rijiya, da sokawe, ga kuma wayar lantarki da ta ratso ta saman zaure. A ido fili ne fetal. Ashe kowane taku a cikinsa da mai shi, wani a sama, wani a ƙarƙashin ƙasa.

Mashawarta biyu Allah ya haɗa ni da su. Na farko Kawu, mutumin Bunguɗu, wanda yake kiwon kajin Hausa tun kafin a yanke Zamfara daga Sakkwato a 1996. Na biyu ƙanin matata daga Tsafe, ya karanta aikin gona, ba ya rabo da tef ɗin awo. Ɗaya ta hanyar Sakkwato yake shigowa gari, ɗaya ta hanyar Funtuwa, shawararsu ma ba ta taɓa shigowa ta ƙofa ɗaya ba. Na Tsafe ya sa na sayi Shika Brown, kajin ƙwai da aka samar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya. Kawu ya dube su ya taɓe baki, ya zaro wata 'yar kaza wake-wake daga buhu ya ce, "Ungo wagga, kyauta. Mu da munka tashi ba mu ga ana gina ma kaza soro ba."

Inuwa kowa yake nema a Gusau, saboda haka gindin dogonyaro na fara nunawa. Lebura ya zo da diga zai haƙa ramukan dirkoki, sai ga saiwa ko'ina. Na Tsafe ya gyara tsayuwa ya ba mu tarihi: itacen daga Indiya yake, a Barno aka fara dasa shi a ƙasar nan a 1928, kuma saiwarsa ce ta sa fari ba ya kashe shi. Yana cikin bayani muka ji ƙwas! Leburan ya duƙa ya jima, sannan ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, wannan saiwar da rami a cikinta."

Bututun famfo ne. Kada mai karatu ya yi saurin yanke hukunci. Famfon gidanmu ya daɗe da yin ritaya, har uwargida ta mayar da kansa wurin rataye tsumma, ruwanmu kuwa daga 'yan garuwa muke saye, masu turo kura da jarkoki. Wa zai tuna da hanyar abin da ba ya zuwa? Na ce a cusa leda a rufe da ƙasa, sai wani jiƙon.

A daren nan aka kawo ruwa.

Kafin kiran assalatu na ji wani shuu, na ɗauka mafarki nake. Da na fito da tocila, ruwa ne yake tsiri daga gindin dogonyaro, katakon da na saya yana yawo a tsakar gida. Gari bai gama wayewa ba labari ya kai ƙarshen layi. Yara suka yi jerin gwano da bokitai tun daga zaure, wata tsohuwa tana fita da tulu tana cewa Allah ya saka wa Malam, ya yi wa unguwa burtsatse. Ban iya musa mata ba, lada ba a mayar da shi. Mai gyaran famfo kuwa da ya faɗi kuɗinsa, na lissafa a zuci na ga ƙwan wata guda ya tafi tun kafin a yi ko ɗaya.

Muka koma gindin mangwaro, lokacin ya fara nuna. Duk yaron da ya wuce titi sai ya gwada hannunsa, dutsen kuma a kan kwanon kaji yake sauka. Da dare jemagu su karɓi aiki. Na Tsafe ya ga kashin tsuntsaye a bakin kaskon ruwa ya riƙe kai, ya tuna mini yadda murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona a jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006 aka yi ta binne kaji. A ganinsa, duk itacen da tsuntsayen daji ke sauka a kai ba wurin kaji ba ne. Muka ɗauke.

Sai na ce to a bar itatuwa gaba ɗaya. Na jingina akurkin da katangar gabas, fuskar raga tana kallon yamma. Da safe abin sha'awa. Amma watan Afrilu ne, lokacin da zafin Gusau ke haura digiri 40, kuma daga azahar rana takan shigo ta cikin ragar ta zauna har sai ta gaji. Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta kansa ya kai digiri 41, hanyar da take da ita ta rage shi ita ce haki. Na dawo daga aiki na tarar da su sun buɗe baki, sun saki fukafukai, sun ƙi kallon abinci. Ƙwan da aka samu kaɗan ne, ɓawonsa kuma ko ɗauka ba ya jurewa. Na Tsafe ya ce ai tun farko ya faɗa: tsawon ɗakin kaji daga gabas zuwa yamma ake shimfiɗa shi, don rana ta bi ta kan rufi, kada ta leƙa ta gefe. Ni dai ban ji lokacin da ya faɗa ba, wataƙila ƙarar ruwan famfo ce ta danne.

Uwargida ta jiƙa buhuna ta rataya a jikin raga, aka fara aiken yaro sayen ƙanƙara. Ina zaune ina shan ruwan randa, kaji na shan na ƙanƙara, ƙadangaru ma suna samun albarkacinsu a bakin kasko. Kawu da ya zo bai ce uffan ba. Ya aika aka sayo zana, ya ɗora a kan kwanon, ya sa 'yan itace a tsakani don iska ta ratsa. Na Tsafe ya sa hannu a ƙarƙashin rufin ya ji sanyi, ya ce wannan ma akwai shi a littafi. Kawu ya ce, "To a gaida mai littafin."

Daga nan aka shiga babin wuta. Wai kazar ƙwai tana son haske na kusan awa 16, ranar Gusau kuwa ba ta nisa da 12, sai a cika da fitila. Na jawo waya daga ɗaki, na ɗora ta kan reshen dogonyaro don kada yara su taɓa, na sauke ta a akurki. Ta yi kyau har zuwa hadarin farko. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san iskar da ke riga ruwan fari isowa daga gabas, mai ɗauke kwanon gidaje. Reshen ya karye, ya sauko da wayar, aka yi tartsatsi shuɗi, fankar uwargida ta yi shahada nan take. Mai gyaran wuta ya tambayi wanda ya yi wannan aikin. Na ce wani yaro ne.

Ruwan kuma ya nuna mini abin da rani ya ɓoye. Katangar gabas ita ce gangaren gidan, duk abin da indararo ya zubo ta nan yake bi zuwa rariya. Kafin Agusta buntun shinkafar da muka shimfiɗa ya zama taɓo, wari yana hawa ido, na Tsafe yana gargaɗin cewa jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ke kawo kashin jini. Maƙwabci ya fara gaishe ni da hanci a toshe. Na nuna gefen rijiya, uwargida ta ce in dai tana numfashi kashin kaji ba zai kusanci ruwan shanta ba, kuma gaskiyarta. Na taka murfin sokawe in gwada, ya yi wata ƙara da ta sa na sauka da ladabi.

Kawu ya ce maganin abin gawo ne: da rani ya yi ganye ya ba da inuwa, da damina ya kakkaɓe, rana ta busar da ƙasa. Na ce yaushe zai girma in na dasa yau? Ya ce, "Jikokinka su ji daɗi."

Wuri ɗaya ya rage, ɗan tudu a gabashin dogonyaro, inda inuwar la'asar ke kaiwa amma reshe bai kai ba, ba bututu, ba waya, ruwa ba ya kwanciya. Nan ne turmin uwargida da tabarmarta suke tun da muka tare. Ta san da shi tun ranar da ta leƙa takardata. Aka zauna sulhu, ta saki wurin a kan sabuwar fanka da kashi ɗaya cikin uku na ƙwai. Muka ɗora akurkin a kan bulo, tsawonsa gabas da yamma, da zanarsa, da 'yar fitilar sola.

Ita kuwa wake-waken Kawu ba ta taɓa kwana a ciki ba. Magariba na yi take hayewa dogonyaro, da safe ta bi reshe ta dira gidan maƙwabci. Ashe can take ƙwai, a bayan buhunan gawayinsa. Ta kwanta kwana 21 ta fito da 'yan tsaki takwas. Na shiga da fara'a in kwaso, maƙwabci ya tare ƙofa ya ce, "Malam, kaza taka ce, ban musa ba. Amma dawar da ta ci tawa ce, zakaran ma nawa ne." Mai unguwa ya sa mana ranar Asabar bayan la'asar. Kawu ya aiko cewa zai zo ba da shaida, amma kuɗin mota daga Bunguɗu a kaina.