Yadda Na Bi Motata Har Kankiya Alhali Tana Kano

Direban da na ba wa Golf ɗina haya kullum balas ɗinsa a gaje yake, kullum kuma "yau kasuwa ba daɗi, Yallaɓai." Sai wani abokina ya ce in sa masa tiraka. Wata 'yar aba ce da ba ta wuce kwalin ashana ba, ana cusa ta a ramin nan mai haƙora 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Tana sauraren taurarin ɗan'adam na GPS da Amurka ta harba, can nisan kilomita 20,000 da ɗoriya; da ta ji guda 4, ta san inda take, sai layin wayar da ke cikinta ya kawo mini rahoto. Na cusa ta da dare, ina ta murmushin mugunta.

Abin da mai shagon da na saye ta bai faɗa mini ba shi ne, ramin nan na makanikai ne, nan suke jona kwamfutar duba lafiyar inji.

Ran Asabar bayan azahar na buɗe taswira, sai ga motata ta wuce Dawanau. Motar da aka ce tana gareji! Na kira direba, waya a kashe. Kafin in sa takalmi ta kai Bichi. Na ce shi ke nan, Jibiya za a yi da ita a tsallaka Maraɗi. Na ɗauki shatar tasi ko ciniki babu, ina ta "Malam, taka ta mana!" Tsanyawa ko ganinta ban yi ba.

A Kankiya ɗigon ya tsaya. Muka sha kwana, sai ga wata jibgegiyar Honda a ƙofar wani gida, da wani Alhaji kan tabarma ya sha turare, ya zo zance. Ashe yaron makanike ne ya zare tirakar, da ya tashi mayarwa ya cusa a motar da ke gefe.

Da na nuna wa Alhaji motarsa a wayata, sai ya miƙe tsaye, hula a hannu.

"Tsakaninka da Allah, Hajiya ce ta turo ka?"

Na rantse, na sake rantsewa, bai yarda ba sai da direbana ya kira: ya gama cajin waya, tun la'asar yana ƙofar gidana da mota. Alhaji ya biya mini kuɗin tasi, ya kuma saye tirakar ninki biyu. Ya ce gara tana aljihunsa.