Ku Daina Taɓe Baki, Galaga Ya Girme Ku

Na san tun daga ganin kanun nan wasunku sun fara tsaki. Wai mutum da hankalinsa, ga tsadar shinkafa, ga kuɗin makarantar yara, ya rasa abin da zai yi rubutu a kai sai wasan harbin ƙwari a talabijin. To ku gyara zama, domin yau da ku nake, kuma na kasa ku gida uku. Akwai Alhaji mai cewa duk wani gem shiririta ne. Akwai ɗan samari mai cewa wannan gem ɗin kakanni ne. Sai Malam mai ra'ayin riƙau, wanda ya rantse cewa tun ranar da aka sake wa wasan fenti aka kashe shi. Kowa zai sami rabonsa, ba na rowa.

Bari mu fara sanin wanda ake zagi. Galaga wasa ne da kamfanin Namco na Japan ya fitar a 1981, shekara 2 bayan yayansa Galaxian. A lokacin ba a ɗaki ake buga shi ba. Akwati ne mai tsayin mutum da ake girkewa a shagunan wasa, ka zura tsabar kuɗi, yen 100 a Japan ko santi 25 a Amurka, a ba ka jirage 3, in sun ƙare ka koma bayan layi. A 1995 Namco ya dawo da shi cikin wani injin mai suna Namco Classic Collection Vol. 1, tare da Xevious da Mappy, kowanne da tsohonsa da sabon ɗinkinsa. Sabon ɗinkin namu shi ake kira Galaga Arrangement. Daga baya aka zuba shi a faifan Namco Museum na PlayStation 2 a 2001, sannan na GameCube da Xbox. Tsoho da sabo a faifai ɗaya, ka zaɓi wanda ranka yake so. Wannan faifan ne ya jawo mana rigimar yau.

Alhaji, ranka ya daɗe, da kai zan fara, saboda girma. Ka ce ba ka san wannan abu ba, kuma ba ka taɓa ɓata lokacinka a kansa ba. To wa ya sayo ƙaramin injin nan mai hannu biyu da ake jonawa a bayan talabijin, mai kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta masa wasanni dubu a jiki, amma in ka ƙirga na gaske sai ka ga guda nawa ne kawai ake ta maimaitawa? A cikinsu har da na tankar yaƙi, da Mario, da wani na jirgi a ƙasan allo yana harbin ƙwari masu saukowa. Shi ne wannan, ko shi ko yayansa. Wa yake hura wa kaset iska in ya ƙi kamawa? Wa yake korar yara su je su yi barci gobe akwai makaranta, sannan a jiyo ƙarar harbi daga falo har sai an ɗauke wuta? Ban kama suna ba, Alhaji. Hajiya ce dai take dariya a bayanka.

Kai kuma ɗan samari, ƙanena, na ji ƙorafinka. Ka ce jirgin ba ya gaba, ba ya baya, hagu da dama kawai, madannin harbi ɗaya tal. Kai da ka saba buga ƙwallo a gidan gem da yatsu takwas, kana sauya 'yan wasa kamar koci, ko kana Free Fire a waya kana ihu cikin dare, wannan ai wasan 'yan firamare ne. Raina kama ka ga gayya. Karɓi hannun in faɗa maka abin da ke jiranka.

Ƙwari 40 ne suke shigowa a kowane mataki, ayari ayari, suna wulƙawa kafin su jeru a sama. Ƙudan zuma 20 a ƙasa, masu kama da malam buɗe littafi 16 a tsakiya, sai ogoginsu 4 a can ƙololuwa. Harsashinka 2 ne kacal za su iya zama a allo lokaci guda. In ka saki biyun suka tafi a banza, sai ka jira su fice kafin bindiga ta sake amsa maka, kuma a wannan ɗan jiran ne ake yi wa masu garaje jana'iza. Danne-dannen da ka saba yi kamar mai kiɗan kalangu a nan ba ya saye maka komai. Sannan akwai ciniki a cikin harbin. Ƙudan zuma yana tsaye a layi maki 50 ne, in ya taso yana sauko maka 100. Oga sai an harbe shi sau 2 yake faɗuwa. A layi 150 ne, amma in ya sauko da 'yan rakiya 2, ka kakkaɓe su sannan ka sauke shi, 1,600 ne. Wato wasan yana biyan wanda ya yi haƙuri ya bar haɗari ya matso kusa. Matsoraci yana tsira na ɗan lokaci, amma da aljihu wayam.

Yanzu ga inda wasan ya fi ƙarfin raini. Oga yakan sauko ya tsaya a tsakiyar allo, ya saki wani shuɗin haske mai zuƙe jirgi. Duk mai hankali zai kauce. Gwani kuwa da gangan yake shiga, ya bari a sace masa jirgi a tafi da shi sama. Ya yi asarar rai ɗaya da hannunsa. Sai ya fito da jirgi na gaba ya yi kwanto, har ogan nan ya sake saukowa da jirgin da ya sata a bayansa. In ya harbe ogan a hanya, jirgin ya kuɓuta ya sauko ya manne da nasa, sun zama tagwaye masu harbi bibbiyu. In hannu ya goce ya harbi jirgin nasa, ya kashe ɗan'uwansa da kansa. In ya yi gaggawa ya kashe ogan tun yana layi, jirgin da aka sace ya juya masa baya ya zama abokin gaba. In kuma da jirginsa na ƙarshe ya yi wannan wayon, wasa ya ƙare nan take. Ko bayan an yi nasara, tagwayen faɗinsu ya ninka, harsashin abokan gaba ya fi saurin samunsu. Ƙanena, faɗa mini gaskiya: a cikin manyan wasanninka masu cinye rabin ma'ajiyar waya, guda nawa ne suke sa ka yanke shawara mai nauyin wannan da madanni ɗaya?

Kuma kada ka ɗauka ba ka taɓa haɗuwa da shi ba. In ka kalli fim ɗin The Avengers na 2012, mutumin da Tony Stark ya tona wa asiri yana wasa a bakin aiki, Galaga yake bugawa. Wanda ya buga Tekken na farko a PlayStation, kafin faɗan ya buɗe, Galaga aka ba shi ya rage zaman jira. Kakan da kake rainawa ya daɗe yana shiga gidanku ba sallama.

Sai kai Malam mai ra'ayin riƙau. Kai ne ka fi ba ni wahala, domin kai ka san wasan, kuma rabin maganarka gaskiya ce. Ka ce sabon ɗinkin ɗumame ne, an ɗauko tuwon jiya an sake sayar mana. Na yarda ɗumame ne. Amma tun yaushe Bahaushe ya fara raina ɗumame? Akwai gidajen da ake faɗa a kansa da safe fiye da yadda aka yi a kan tuwon daren. Magana ita ce, wace miya aka zuba masa.

Ga abin da aka zuba. A tsohon, mutum biyu sai dai su yi karɓa-karɓa, in na mutu ka karɓa. A Galaga Arrangement mutum biyu suna shiga fili lokaci guda, kowa da jirginsa, kuma nan take za ka gane halin abokinka: ko mai tare maka gefe ne, ko mai wawure maki ya bar ka da harsashi. Ogogin sun zo kala-kala, kuma irin harbin da za ka samu bayan ka ƙwato jirginka ya danganta da kalar ogan da ya sace shi. Ka ga tambaya ta ƙaru. Dā ita ce, in yarda a sace ni? Yanzu har da, wa zan yarda ya sace ni? Baƙin sararin nan na dā an yi masa ado, an ƙara kiɗa. Sannan an yi wa wasan ƙarshe, da wani ƙaton sarkin ƙwari mai suna King Galaspark da ke jiran wanda ya kai. Tsohon ba ya ƙarewa da nasara. Yana ta tsananta ne har ka faɗi.

Inda kake da gaskiya, Malam, shi ne tsoro ya ragu. Mutumin da ya zura kuɗinsa a akwati, ga layi a bayansa ana leƙen allonsa, gumin da yake yi daban ne da na wanda ke kishingiɗe a falo, in ya mutu ya sake farawa ba ko sisi. Kuma adon da aka ƙara wani lokaci yana ɓoye harsashi, abin da baƙin allon 1981 bai taɓa yi ba. Amma kada ka cika mana kunne da tsarkin tsohon. Shi ma yana da tabonsa. Masu wasa sun daɗe da gano cewa in ka bar ƙudan zuman gefen hagu da rai a matakin farko, ka yi ta kauce musu na kimanin minti 15, ƙwarin sukan daina harbi gaba ɗaya har ƙarshen wasan. Ina fatan ba da wannan ka tara makin da kake mana alfahari da shi ba. Kuma Namco bai jira 1995 ya fara taɓa wasan ba. Tun 1987 ya fitar da Galaga '88, inda jirage 3 suke haɗewa su zama ɗaya, ƙwari kuma suna rawa da kiɗa a matakin garaɓasa. Wanda ya ƙirƙiri abin bai ɗauke shi saukakke ba, kai ne ka ɗauka.

Hukuncina shi ne wannan. Tsohon ya fi kaifi, sabon ya fi daɗin zama da mutane, kuma amfanin faifan tarin shi ne ya ajiye su gefe da gefe. In ka buga sabon ka koma tsohon, za ka ga cewa duk fentin nan a kan ƙashi ɗaya aka shafa shi: ka ba da jirgi don ka sami biyu, ka san kana iya rasa duka. Sabon ɗinkin da ya riƙe wannan ya ci sunansa.

Saura gwaji, kuma wasan da kansa ya tanadi alƙali. Mataki na 3 na tsohon garaɓasa ce: ƙwari 40 za su wuce ta gabanka, babu mai harbinka ko ɗaya, in ka kakkaɓe su duka a ba ka maki 10,000. Sannan in jiragenka sun ƙare, allo zai rubuta harsashi nawa ka harba, nawa suka samu, da kaso nawa cikin 100 ke nan. Ba ya jin kunyar furfura, ba ya tsoron cika baki. Alhaji, ƙanena, Malam, ga fili ga mai doki. Kowa ya buga sau ɗaya ya kawo mini lambar da allo ya rubuta masa. Wanda ya ce hannun ne ya lalace, mun riga mun san sakamakonsa.