Sarewar da na ƙera a Ijora

Kewar gida ce ta ja min. Wata goma ina gadi a Ijora, kunnena ba ya jin komai sai hon ɗin tankokin mai masu layin shiga Apapa. Wani dare sai na tuna sarewar da yaran Fulani ke busawa a bayan garinmu idan an cire amfanin gona. A can abin ba wuya: ka samu karan dawa mai kauri, ka ƙwaƙule totuwar, ka huda ramuka huɗu da kusa mai zafi, shi ke nan. To ina karan dawa a Ikko, garin da ko tsinken sakace sai ka saya?

Na ce katako ma ai ya yi. Na nufi Oko-Baba ta Ebute Metta, inda a lokacin ake janyo gungume ta ruwa ana tsagawa. Da Yarbancina mai kalma biyar na yi wa mai katako bayani, har da kumbura kumatu da wasa da yatsu. Ya gyaɗa kai alamar ya gane sarai, ya miƙo min ƙafar tebur.

Huda cikinta kwana uku ta ci min. Rodi nake turawa cikin garwashin mai shayinmu, in ya yi jawur in cusa. A rana ta uku katakon ya turnuƙe da hayaƙi, iska kuwa ta kwashe shi sai layin tankoki. Wallahi ban san direba mai tumbi yana iya gudu haka ba. Wani yaron mota ya sheƙo mana bokitin ruwan wankin kofuna, ni da sarewar da burodin mutane. Burodi shida na biya.

"Ɗan nan," in ji mai shayi, "in ƙona mu za ka yi, ka bari mu yi isha'i tukuna."

Ramukan suka fito biyar, don rodin ya zame sau ɗaya. Na toshe na biyar da cingam.

Sarewa ba usur ba ce. A karkace ake kafa ta a leɓe, iska ta daki gefen bakin, abin da yaro ɗan shekara bakwai ke yi yana bin shanu. Ni kuwa na busa har jiri ya ɗebe ni, ba abin da ya fito sai toka. Can Allah ya ba ni sa'a ta yi ƙara ɗaya tak, siririya mai huda kunne. Masu talla a bakin titi suka kwashi kayansu suka arce, sun zaci kame aka zo yi. Wata mai lemo ta dawo ta wanke ni tas da Yarbanci, kuma abin mamaki, ranar na gane kowace kalma.

Mai shayi ya karɓe sarewar, wai don zaman lafiyar unguwa. Yanzu da ita yake hura wuta kowace asuba. Ya ce tunda ya zo Ikko bai ga abin da ke tada garwashi kamarta ba, har ya yafe min kuɗin shayin sati guda.